Imel ɗin da na zaɓa don sayen sunayen shafukan intanet

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu koyon gina shafukan intanet. Shekara ɗaya da wata biyu ke nan da na fara wannan koyo, kuma a makonni biyun da suka wuce ban ƙara komai a shafukana ba, domin lokacin duk ya tafi wajen gyara wani kuskure da na yi tun farko, wato adireshin imel ɗin da na bai wa kamfanin da na sayi sunayen shafukana a wurinsa.

Sunaye biyu nake da su, duka masu ƙarewa da .com. Da na koyi yadda ake buɗe imel a ƙarƙashin sunan shafin mutum, sai na ga ya fi kyan gani da kamala, na buɗe a ƙarƙashin ɗaya daga cikinsu, na je na sauya imel ɗin asusuna na kamfanin rajista zuwa wannan sabon adireshi. Da shekara ta cika, katin bankina ya ƙi biyan kuɗin sabuntawa, wa'adin sunan ya ƙare, kamfanin ya katse shi, imel ɗin kuma ya mutu tare da shi. Na zo shiga asusun domin in biya da hannu, sai na tarar na manta kalmar sirri, saƙon sauya ta kuwa can ake aika shi, zuwa adireshin da ya riga ya mutu. Na kulle ɗaki ke nan makullin yana ciki. Sai da na aika hoton katin shaidata da rasidin sayen farko, na jira kwanaki, sannan aka buɗe mini.

Abin da na fahimta shi ne, a wajen kamfanin rajista, mai riƙe da imel shi ne kusan mai sunan. Ta nan ake sauya kalmar sirri, ta nan yawanci ake aiko lambar izinin mayar da suna wani kamfani, ta nan kuma tunatarwa take zuwa. Hukumar ICANN, wadda aka kafa a 1998 domin kula da tsarin sunayen intanet, ta wajabta wa kamfanoni su tunatar da mai suna wajen wata ɗaya kafin wa'adinsa ya ƙare, su sake tunatar da shi idan ya rage kamar mako ɗaya. A yarjejeniyarta ta 2013 da kamfanonin rajista kuma an ce wanda bai tabbatar da adireshinsa cikin kwana 15 ba ana iya dakatar da sunansa. Waɗannan ƙa'idoji sun shafi irin su .com da .org, amma sunaye masu ƙarewa da .ng suna hannun NiRA ne, ƙungiyar da ke kula da sunayen intanet na Najeriya, mai nata dokokin, don haka wanda ya sayi irinsu ya karanta sharuɗɗan kamfaninsa.

Da na zo zaɓen wani adireshin, imel na wurin aiki ko na makaranta ban ma tsaya dogon tunani a kansa ba, domin ranar da mutum ya bar wurin, ranar adireshin ya bar hannunsa. Na yau da kullum, wanda nake shiga Facebook da shi, shi ne ya fi ja mini hankali, amma tarkacen saƙonni sun yi masa yawa har tunatarwa za ta iya nutsewa ban gani ba, kuma adireshin da kowa ya sani shi ne macuta suke fara gwadawa. Da can akwai ƙarin dalili, tun da rajistar WHOIS, inda ake duba bayanan masu sunayen shafuka, tana bayyana imel ɗin mai suna ga duk mai dubawa. Daga Mayun 2018, lokacin da dokar kare bayanan sirri ta Tarayyar Turai ta fara aiki, kamfanoni da yawa suna ɓoye shi, amma ni dai ina kunna ɓoyewar da kaina.

Saboda haka na buɗe sabon imel wanda ba shi da wani aiki sai wannan, a kamfanin da ba ya dogara da ko ɗaya daga cikin sunayena. Na sa masa tabbaci mai mataki biyu da manhaja maimakon saƙon waya, domin layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba ana iya bai wa wani. Lambobin ceto, waɗanda ake shiga da su idan manhajar ta ɓace, na rubuta su a takarda na adana tare da takardun gida. Na kuma sa yana tura kwafin kowane saƙo zuwa imel ɗina na kullum. Haɗarin irin wannan adireshi shi ne mantuwa, domin tun Disambar 2023 Google na iya goge asusun da ya shekara biyu ba a taɓa ba, don haka na ware ranar ɗaya ga kowane wata ina shiga.

Ku kula da abu ɗaya kafin ku bi sahuna: sauya imel ɗin mai suna yana iya jawo a hana mayar da sunan wani kamfani har kwana 60. Ni na gamu da wannan, shi ya sa niyyata ta haɗa sunayena a kamfani mai rahusa za ta jira wata biyu. Kafin lokacin zan zauna da wani ɗan'uwa da na gina wa shagonsa shafi, na kuma yi wa sunan shafin rajista da imel ɗina, mu buɗe masa nasa mu mayar da sunan hannunsa, tun da dukiyarsa ce.