Wankin zanen jirgin Kawu a Goronyo

Kawuna basarke ne, yana su a madatsar ruwa ta Goronyo, a kan kogin Rima. Kwale-kwalensa yana da zane na akoko mai kauri da yake ɗaurawa a jikin gora idan iska ta taso, ya huta da tuƙi. Bara da ciwon ƙafa ya kwantar da shi a watan Agusta, yara suka naɗe zanen da danshinsa suka jefa a zaure. Sai da kaka ta yi na warware shi. Funfuna ta yi masa ɗigo-ɗigo baƙi, zobban ƙarfen da ke kusurwoyi sun zubar da tsatsa, ga jinin kifi, ga baƙin mai. Ganin zanen nan ya sosa mini rai, domin da shi aka ciyar da mu.

Na yi gaggawa. Na sayo bilic na tuttula a kan komai, ban ko sirka da ruwa ba. Funfunar ta dushe, amma tsatsar ta ƙara rinewa ta kama zaren sosai, kuma wurin da bilic ya daɗe ya yi rauni har yatsa na iya huda shi. Kawu ya shafa wurin ya ce, "Ɗana, mi ka zuba mai?" Da na faɗa masa, sai ya aiki yaro ya sayo lemun tsami da gishiri.

Tsatsa tsami take ji. Amma kafin mu taɓa lemun, sai da na ɗauraye zanen sau uku har warin bilic ya fita, saboda haɗuwar bilic da abu mai tsami tana tayar da iska mai guba da ke ƙona ƙirji. Daga nan muka matse lemun a kan kowane tabo, muka barbaɗa gishiri, muka shanya a rana. Yana bushewa in sake matsawa. A zagaye na huɗu jan ya koma ruwan ƙasa mai haske, inda bilic ya riga ya taɓa kuwa bai fita duka ba, har yau da alamarsa. Kawu ya ce da babu lemu, jiƙaƙƙiyar tsamiya ma tana yi, sai dai takan bar nata launin a farin yadi.

Jinin kifi na jiƙa shi a ruwan sanyi da sabulu ya kwana. Ruwan zafi dafa jinin yake yi ya manne. Baƙin mai kuma na ɗiga kananzir kaɗan, na danna da tsumma daga gefe zuwa tsakiya don kada ya bazu, sannan na wanke da garin sabulu. Duk gugar da buroshi mai laushi na yi ta, zanen a shimfiɗe a kan tabarma, domin siminti yana cin zare.

Wurin da na raunana, tela ya sa masa faci mai faɗin tafin hannu biyu. Zobban ƙarfen na cire su gaba ɗaya, muka ɗinka madaukai na igiya. Yanzu idan aka dawo daga ruwa, a kan igiyar shanya zanen yake kwana, kuma ni nake taɓa ɗinkin bakinsa kafin a naɗe, don nan ne danshi ke ɓuya.