Ƙosai a kan shafin sanarwar rasuwa

Asabar. Tun asuba iskar tafkin nan take kaɗa tagar kicin, sanyi ya fara leƙowa. Jiya na jiƙa wake, na ce bari in soya ƙosai da yawa in kai wa Kaka, tsohuwar nan maƙwabciyarmu, nata, tunda ran nan ta yaba duk da hawayen da attaruhu ya sa ta.

Kun san ita ke tara mini jaridun da ta gama da su. Sau biyu a mako ake kawo mata Storm Lake Times Pilot, jaridar garin nan namu na Storm Lake a jihar Iowa ta Amurka, ta karanta, ta ninke, ta ajiye mini a bakin ƙofa. A zatonta karantawa nake. Ni kuwa, Allah na gani, tsane mai nake yi da su. Haka muka taso, ƙosai a jarida, tsire a jarida.

Na shimfiɗa shafi a faranti, na juye ƙosai da zafinsa, na tsallaka. Ta karɓa da murna, ta ɗauki ɗaya, sai hannunta ya tsaya. Ta ture guda biyu gefe. Hoton wata tsohuwa ne a ƙarƙashi, mai ya ratsa fuskarta har ana hango rubutun bayan takardar. Shafin sanarwar rasuwa. Ƙawarta ce, shekara da shekaru benci ɗaya suke zama a coci.

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Na ce, "Kaka, don Allah ki yi haƙuri, wallahi ban duba ba." Ta yi dariya, ta ce ai marigayiyar ma ba ta wasa da soye-soye. Sai kuma ta rage murya: "Ashe ba kya karantawa?"

Wannan tambayar ce ta hana ni sakat yau.

Ta zaunar da ni, ta zuba mini kofi mai ɗaci. Ta ce wannan 'yar jaridar da nake gani, ta garin da bai fi mutum dubu 11 da 'yan kai ba, editanta Art Cullen ya ci Pulitzer, babbar kyautar aikin jarida ta Amurka, a 2017. Wansa John ne ya kafa ta a 1990, kuma har yanzu iyalin ne ke riƙe da ita. A 2015 hukumar ruwan birnin Des Moines ta maka gundumomi uku a kotu, har da tamu ta Buena Vista, saboda takin gonakin masara da ke gangarawa cikin kogin Raccoon, inda suke ɗibar ruwan sha. Su Cullen suka nace sai an faɗi wanda ke biya wa gundumomin kuɗin lauyoyi a ɓoye, aka gano manyan 'yan harkar noma ne. Rubutun da Art ya yi a kan haka ne ya jawo masa kyautar. A garin da kowa ke ci daga noma fa! Gobe za ka haɗu da wanda ka rubuta a kansa a layin biyan kuɗi a kanti. Tana ba ni labarin tana lasar yatsa, ƙosai na ta raguwa.

Da na dawo sai Baba ya faɗo mini. Tsofaffin Gaskiya Ta Fi Kwabo da yake ajiyewa a adaka, yana ta nanata mana cewa tun 1939 ake buga ta a Zariya. Wa ya isa ya naɗe ƙosai da su? Yanzu ga ni, kafin Anti Zulai ta ji an yi gobara a kasuwa a Kano ni na riga na gani a WhatsApp, amma ban san sunan ko mutum ɗaya cikin masu yanke shawara a kan makarantar su Hanif ba. Shekara huɗu ke nan muna garin.

Abban Hanif da na gaya masa dariya kawai ya yi, wai in sayi takardar kicin in huta. Bai gane ba.

Wanki bai samu ba. Hanif ya sake ɓatar da safar hannu.

Bayan isha'i na jawo sauran jaridun daga ƙarƙashin kwanon wanke-wanke. An gyara lokacin kwashe shara tun makon jiya, shi ya sa kwandonmu ya kwana biyu a waje ina ta mita. Shafin ƙawar Kaka kuwa yana wurinta, ta ce in bar mata, nata kwafin ke nan.