Tsakuwar da ban rubuta ba

Ni na rubuta bayanin tiyatar a fayil ɗinta, shi ya sa abin bai sake ni ba har yau. Lokacin ina shekarata ta farko a sashen tiyata na wani asibiti a nan Gombe, aikina riƙe kyamara. Dattijuwa ce daga wani ƙauye a gefen Kumo, tsakuwa ta cika mata matsarmama. Aka yi mata aikin nan da ba a tsaga ciki: ƙananan huji huɗu, ɗaya a cibiya, a hura iska ciki ya tashi, sannan a zura kyamara da ƙarafa. Tun 1985 wani likita a Jamus, Erich Mühe, ya fara cire matsarmama ta wannan hanya, amma a wurinmu sabon abu ne, muna ji da shi.

Ana cikin ɓamɓare matsarmamar daga jikin hanta sai ta huje. Ruwan ɗaci ya malala, tsakuwoyi baƙaƙe kamar masoro suka watse. Babban likita ya tsince duk wadda ido ya gani, aka wanke wurin da ruwan gishiri, aka zuƙe. Hujewa irin wannan takan faru ko a hannun gwani. Amma da na zauna rubutu sai na sa an gama lafiya, na yi shiru a kan zubewar. Gani nake ambatonta tamkar tona asirin na gaba da ni ne.

Bayan shekara ɗaya da rabi ta dawo, ta rame, zazzaɓi na kama ta da yamma, ga ƙurji a kwiɓinta na dama ta baya. Wanzami ya yi mata sakiya, mugunya ta fita, bakin ya ƙi rufewa. Ta sha magunguna daga kemis har ta gaji. A wani wuri ma an ɗora ta a kan maganin tarin fuka, kuma ban ga laifinsu ba, don babu takardar da ta nuna musu inda za su duba. Ran da 'yar baƙar tsakuwa ta faɗo daga bakin ciwon, gida ya ɗauka: jifa ne.

Hoton ciki ya nuna mugunya ta taru a lungun da ke tsakanin hanta da ƙodar dama, da tsakuwa biyu a tsakiya. Nan ne suka fi gangarawa, tunda a rigingine mutum yake lokacin aiki. Yawancin waɗanda suka zube ba sa tayar da komai. Amma wadda ta fito daga matsarmama mai ciwo takan zo da ƙwayoyin cuta a jikinta, ta kwanta wata da watanni, wani lokaci shekaru. Wata takan ɓula tantanin da ya raba ciki da ƙirji, har mutum ya yi tari ya tofar da ita. Muddin tana nan, allura lallashi kawai take yi, sai an shiga an ciro ta. Haka muka yi, wannan karon da tsaga.

Yanzu matsarmama ba ta fita ta hujin sai a cikin jaka. Idan ta huje ina rubutawa a fayil da kuma takardar sallama, in faɗa wa marar lafiya da bakina, in ce ya nuna takardar duk asibitin da ya je.

Da ta farfaɗo na durƙusa a gefen gadonta na nuna mata tsakuwoyin a kwalba.

"Inna, ba jifa ba ne. Tun aikin farko suka zube, kuma ni ne ban rubuta ba. Ki yafe mini."

Ta daɗe tana kallon kwalbar. Sannan ta ce, "Na yafe maka, ɗana. Amma shekara guda ke nan ba na amsa gaisuwar abokiyar zamana a kan wannan ciwo. Ba ni kwalbar in tafi da ita gida."