Da hannu tana aiki, da asuba ta ƙi

Duk wanda ya taɓa ɗora wa kwamfuta aikin haɗa rahoton Excel da kanta ya san wannan takaicin. Ka danna 'yar manhajarka da hannu, ta yi aiki sumul. Ka miƙa ta ga Task Scheduler na Windows, mai tayar da ayyuka a lokacin da aka tsara, ta tashi ƙarfe 5 na asuba, da safe ka tarar babu rahoto, sai lambar kuskure 0x1 a gurbin sakamako. Fayil na nan inda yake, amma wai ya ƙi buɗuwa.

Abin da aikin nan ya koya mini shi ne, idan manhajar ta tashi da kanta, ba kai ba ne a gaban kwamfutar. Tamkar ka aiki yaro gidanka ne, ba makulli, ba ka kuma faɗa masa ɗakin da kayan suke ba.

A Task Scheduler akwai wani gurbi mai suna "Start in", inda ake rubuta foldar da aikin zai fara daga ciki. In ka bar shi fayau, aikin yakan fara daga C:\Windows\System32, can zai je neman fayil ɗinka, ya rasa. Shi ya sa yanzu nake rubuta cikakken adireshin fayil tun daga tushe. Haka harafin Z: da muke shiga foldar ofis da shi. Wannan harafi na wanda ya shiga da kalmar sirrinsa ne. In ka zaɓi aikin ya gudana ko da ba kowa a kan kwamfutar, Z: babu shi. Sai dai a rubuta sunan sabar da na foldar kai tsaye, a kuma tabbatar asusun da ke gudanar da aikin yana da izinin rubutu a wurin.

Wani lokacin kuwa ba izini ba ne, riƙo ne. Akawu ya buɗe fayil da yamma, ya tashi bai rufe ba, manhajarka ta Python ta zo rubutu ta ci karo da Errno 13, saƙon kuskuren hana shiga fayil. Alamarsa wani ɓoyayyen ɗan fayil da sunansa ke farawa da ~$. Amma kada ka dogara da shi ɗari bisa ɗari, don in aka ɗauke wuta kwamfuta ta mutu, yakan saura alhali babu mai riƙe da komai. Ita ma manhajar, in ta buɗe Excel ba ta rufe ba, EXCEL.EXE zai maƙale a ɓoye ya tare wa aikin gobe hanya.

Wanda ya fi ba ni dariya shi ne na asusun SYSTEM, wato asusun Windows na kanta. In aikin ya gudana da shi, Excel yakan ƙi buɗe fayil har sai ka ƙirƙiri folda mai suna Desktop, wadda ba komai a ciki, a ƙarƙashin config\systemprofile na System32 ko SysWOW64. Dabarar tana ci, amma ni ban yarda da ita ba. Microsoft da kanta ta ce ba ta goyon bayan sarrafa Office ba tare da mutum a gaba ba, domin wani ɗan saƙo na iya fitowa ya tsaya jiran a danna masa, alhali kowa na barci. In aikin karanta lambobi da rubuta su ne kawai, openpyxl, wani kayan aikin Python mai karanta da rubuta fayil ɗin Excel, ta wadatar, ba sai an taso Excel ba.

Yanzu kowace manhaja da na rubuta, layukanta na farko suna ajiye abu uku a fayil ɗin rajista: asusun da ke gudanar da ita, foldar da ta fara daga ciki, da cikakken saƙon kuskure in ya auku. Rahoton kuma a sabon fayil mai kwanan wata yake sauka, ba a kan wanda akawu ke buɗewa ba.