Na yi aikin gyaran ciki, ga abin da ba a nunawa a hoto

Mata da yawa a garin nan sun yi aikin nan fa, kawai dai ba mai faɗa ne. Sai kiji ance Hajiya wance ta tafi Misra sarin kaya ko ta je Istanbul hutawa, bayan wata biyu ki ganta a gidan biki ɗinki ya zauna mata ɗas ciki a shafe, in kin tambaya tace miki ai shayin lemun tsami ne da daina cin tuwo da daddare. Toh ni dai nayi, tiyatar gyaran ciki wadda ake cewa tomi tok, kuma tunda labari ya fita wayata bata huta ba, shiyasa nace bari in rubuta gaba ɗaya. Abin da yafi damuna shine wannan ɓoyon da muke yi, don shi ne yake sa mace ta shiga aikin ba shiri ba mai jinya, ta dawo gida tana nuna ita lafiyarta ƙalau alhali a ɗinke take daga wannan ƙugu zuwa wancan.

Ni bayan haihuwar tagwaye ne cikina ya ƙi komawa. Na ɗaure da zani har na gaji, na sha kunun kanwa, na rage ƙiba har wuyana ya fito amma cikin yana nan, yara sun shiga makaranta ana tambayata wata nawa ne. Ga ciwon baya, ga fata ta zubo ta rufe wajen ɗinkin CS, lokacin zafi ƙasan wajen ya jiƙe yayi ta ƙaiƙayi har ya saɓule. Sai da naje asibiti likita tasa na kwanta rigingine na ɗaga kai kaɗan, ta danna saman cibiyata yatsunta suka shige, tace tsokar ciki ce ta rabu. Tsoka biyu ce doguwa a gaban ciki dama da hagu, juna biyu yana buɗa tsakaninsu, yawancin mata tana komawa da kanta cikin watanni, wasu kuma bata komawa, musamman mai tagwaye ko mai haihuwa kusa da kusa. Sai da ta fara turani wajen masu fisiyo nayi atisaye na wani lokaci, ya taimaka wa bayan amma fatar da ta riga ta saki ba atisayen da zai mayar da ita.

Aikin kansa ga yadda yake. Za a sa ki barci gaba ɗaya, a yanka ƙasan mara daga ƙugu zuwa ƙugu, a ɗaga fatar har kusa da ƙirji, a ɗinke tsokar nan da ta rabu kamar yadda tela yake cin riga idan tayi yawa, a jawo fata ƙasa a yanke ragowar, sannan a huda wa cibiya sabuwar ƙofa. Yana ɗaukar awa 2 zuwa 5. Nankarwar da ke ƙasan cibiya tana tafiya da fatar da aka yanke, ta sama kuwa tana nan sai dai ta ɗan sauko. Kuma dan Allah ba aikin rage ƙiba bane, in tumbin na kitsen cikin ciki ne wanda ya kewaye hanji wuƙa bata kaiwa can, ki fara rage nauyi ki tsaya a kilo ɗaya na wasu watanni tukuna. Daban yake da zuƙe kitse, duk da wasu likitocin suna haɗa su a rana ɗaya.

Maganar addini itace ta fara tsayar dani, don tsoron kar ya zama canza halittar Allah. Na tambayi malamin da na yarda dashi, ya bambance min tsakanin mayar da abin da ya lalace yadda yake ko kawar da cutarwa, da kuma neman ƙarin kyau kawai don yayi, har ya kawo min labarin sahabi Arfaja da aka yanke wa hanci a yaƙi Annabi (SAW) ya bashi izinin sa na zinare. Ni ba malama bace, kowacce ta kai nata yanayin a duba mata, don nawa da naki ba lallai su zama ɗaya ba.

Abban yara da farko cewa yayi shi me ya gani a cikin da za a je ana yanka mutum da lafiyarsa, sai da na tafi dashi wajen likita yaji da kunnensa. Hajiyarmu kuwa shiru tayi tace ke dai kin cika neman magana, amma ita ce ta fara haɗa kayanta. Wallahi in da ɓoye musu nayi ban san yadda zan yi ba.

Zaɓen likita kar kiyi shi a Instagram. Hoton kafin da bayan aiki kowa zai iya sawa. Ki tambaya ƙwararren likitan gyaran jiki ne ko likita ne kawai da ya buɗe waje mai kyan fenti, yana da rajista da hukumar likitoci ta Najeriya wato MDCN, yana cikin ƙungiyarsu ta NAPRAS, waye zai sa ki barci likita ne ko wa, akwai ɗakin kulawa ta musamman da jini a ajiye in abu ya rikice cikin dare. In ya ɓata rai don kin tambaya ki ɗauki jakarki. Kuma zuwa waje ba shi ne tsira ba, duk mun tuna Stella Obasanjo, matar shugaban ƙasa ce sukutum lokacin, ta rasu a watan Oktoba 2005 a Sifaniya bayan aikin cire kitse, har kotu a can ta yanke wa likitan hukunci a 2009. Masu zuwa Turkiyya da Misra da Indiya su sani hukumar lafiya ta Ingila tana cewa kar a hau jirgi sai bayan kwana 7 zuwa 10 da yin wannan aikin, kuma ki tambayi kanki in ɗinki ya buɗe bayan kin dawo Kano waye zai duba ki, don wancan likitan sai dai ta WhatsApp.

Kafin aiki za a gwada jininki, yawansa da sukari da hawan jini da jinotayif, mai sikila ko mai ciwon suga nata shirin daban ne. Anan ne kuma ake son ki cire kunya ki faɗi gaskiya. Shisha ko sigari sai an daina aƙalla sati 4 zuwa 6 kafin aiki da bayansa, saboda suna matse jijiyoyin jini fatar da aka ɗaga ta rasa jini tayi baƙi ta mutu. Kwayar tsarin iyali mai haɗin sinadari biyu tana ƙara haɗarin daskarewar jini, asfirin da su ibuprofen suna sa zubar jini, allurar rage ƙiba irin su Ozempic tana sa abinci ya daɗe a ciki mai sa barci yana buƙatar sani. Sai namu na gida da ba ma lissafawa a magani, tsimi da gumba da shayin rage tumbi da kwayar sa ƙiba, da man bilicin, wanda wasu daga cikinsa akwai sinadarin da ke sa fata tayi siriri ciwo ya ƙi warkewa. Duk ki zuba a leda ki kai masa ya gani.

Shirin gida kuwa ki ɗauka jego za kiyi ba jariri. Ki samu wadda zata zauna dake dare da rana aƙalla sati 2 na farko, ba ƴar aiki ƴar shekara 12 ba, babba wadda zata iya ɗaga ki. In katifarki a ƙasa take ki nemi gado, in banɗakinku na tsuguno ne ki sayi kujerar nan mai rami, ki tara filo kamar guda 5, dogayen riguna masu faɗi marasa nauyi, ki cika firiza da miya. Ki duba lokaci ma, kar ki sa shi a bakin azumi, kuma in da hali ki guji watan Afrilu, don bel ɗin da za a ɗaure ki dashi sati 6 ake sawa dare da rana, ki haɗa wannan da zafin Kano da rashin wuta ki gani.

Da na farka abin da na fara ji ba zafin yanka bane, matsi ne, na kasa jan numfashi har ƙasa. Ga ƴan robobi biyu sun fito ta ƙasan mara kowacce da ƴar kwalba a ƙarshenta tana tara ruwa ja, su ne ke fitar da ruwan da ke taruwa a ƙarƙashin fata. Dasu na koma gida, ƙanwata ce take juyewa safe da yamma tana rubuta yawan a bayan littafin makarantar yara, ruwan ya tashi daga ja ya koma ruwan ɗorawa yana raguwa har likita ya cire. Cirewar bata da zafi sosai sai dai wani irin yarr da zakiji har cikin kai.

Ba zaki iya miƙewa sak ba, a duƙe zaki dinga tafiya sati 1 zuwa 2, kuma bayanki zai yi ciwo fiye da cikin. Kwanciya ma a lanƙwashe, filo a baya filo a ƙarƙashin gwiwa. Tari da atishawa da dariya sai kin rungume filo a ciki, ni har roƙon ƙanwata nake ta daina bani labari. Maganin kashe zafi yana busar da ciki kuma yunƙuri a banɗaki shine abin da ba kya so, toh ruwa da yawa, gwanda, miyar kuɓewa, zogale, sannan ƙwai da wake da kifi da nono don ciwo ya haɗe. Wannan ba lokacin rage cin abinci bane.

Duk da haka dole ki tashi. Tun washegari nas zata kama ki ku taka, zakiji kamar mugunta ce amma ba ita bace, a cikin ayyukan gyaran jiki wannan yana cikin waɗanda suka fi haɗarin daskarewar jini a ƙafa, in gudan ya ɓalle ya tafi huhu ana iya rasa rai nan take. Shiyasa ake sa safa mai matsewa wasu har da allura. In kika ga ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ko numfashi yana yankewa, ko ƙirji yana suka, ko zazzaɓi, ko wajen ɗinkin yayi ja yana wari, ko gefe ɗaya ya kumbura lokaci guda, asibiti za a tafi a daren, ba a jira gari ya waye ba kuma ba kemis ba. Toh ki faɗa min wadda ta ɓoye wa kowa wa zata tasa ƙarfe 2 na dare?

Rigimar da muka fi yi a gida ta ruwan zafi ce. Gwaggo tazo dubiya taga ciki a kumbure, kafin in ankara ta sa an ɗora tukunya ta ɗauko tawul, tace ƴar nan jini ne ya kwanta miki bari in gasa shi ya narke. Nace Gwaggo kiyi haƙuri likita ya hana, tace likitan ya taɓa haihuwa ne? Sai da Hajiya ta shiga maganar. Dalilin shine bayan aikin fatar daga cibiya zuwa mara bata ji, an yanke ƙananan jijiyoyin wajen, sai ki taɓa kiji kamar jikin wani kike taɓawa kuma haka zata yi watanni, wani wajen ma ba ya dawowa duka. Ruwan da zai ƙona ki ba zaki san yana ƙona ki ba sai kin ga ya tashi. Don haka ba gashi, ba wankan ganye, ba jakar ruwan zafi, ba shafa man zafi, kuma kar a zuba komai akan ɗinkin sai abin da likita ya bada.

Sallah a zaune nayi ta a kan kujera da nuni, kuma ba laifi, hadisin Imrana ɗan Husaini yana nan a Bukhari, in ba ka iya a tsaye ba kayi a zaune. Ranar da na fara kai goshina ƙasa sai da nayi hawaye. Sati 6 ba ɗaukar abu mai nauyi, ba bokiti ba jarka ba daka ba shara a duƙe, ba goyo, wannan ta goyon tafi min ciwo don yaro bai san me ake ciki ba hannu kawai yake miƙo miki. Tuƙi da komawa wajen aiki da harkar maigida duk sai likita yace toh.

Akwai wani lokaci da ba wanda ya gaya min, wajen sati na biyu zuwa na uku, kin gaji da kwanciya, kumburi yasa cikin yafi na da girma, tabo baƙi ƙirin, sai ki zauna kina cewa me ya kaini. Kumburin yana ɗaukar watanni, da safe ki tashi a shafe da yamma siket ya ƙi rufuwa, musamman in kin ci gishiri da magi da yawa ko kin daɗe a tsaye. Wasu kuma ruwa yana taruwa bayan an cire roba sai an zuƙe da sirinji, yana faruwa sosai, ba wai aikin ya lalace bane.

Tabo kam yana nan har abada, duk wanda yace miki zai ɓace ƙarya yake. Yana yin shekara 1 zuwa 1 da rabi kafin ya kwanta ya dushe, kuma mu baƙar fata mun fi saurin yin tabo mai tasowa, in kin san hujin kunnenki ko ɗinkin CS ɗinki ya taɓa yin tudu ki nuna wa likita tun kafin a sa rana. Nawa ya ɗan yi kauri a gefen hagu, ina manna masa filastar silikon, zani yana rufe shi. Kuɗi kuma da ake ta tambayata, ba zan faɗi adadi ba don farashin bara ba shi ne na bana ba, amma ki tambaya a rubuce ko ya haɗa da gwaje-gwaje da kwanan asibiti da bel da zuwa wankin ciwo, da kuma wa zai biya in sai an koma an gyara wani waje.

Masu tambayar ko ana haihuwa bayan anyi, ana yi, aikin bai taɓa mahaifa ba. Sai dai ciki zai iya sake buɗa tsokar ya saki fatar kuɗinki ya tafi a banza, shiyasa likitoci suke cewa sai kin gama haihuwa, ko aƙalla ba kya sa ran wata nan kusa, kuma kin yaye na hannunki jiki ya koma daidai. Wadda ta haihu wata 3 da suka wuce take turo min hoton cikinta tana kuka, ki bari ya kai shekara tukuna ki je fisiyo, da yawa daga cikinku ba za ku ma buƙaci wuƙa ba.