Eric Liddell da tseren da ya ƙi yi ranar Lahadi

Mai son ganin yadda ake sa Mai Ceto gaba da kome a aikace, ya duba yadda Eric Liddell ya tafiyar da al'amarinsa kafin gasar Olamfik ta Paris a 1924. Ɗan Sukotland ne, an haife shi a Tianjin ta ƙasar Sin a 1902, iyayensa masu aikin bishara. Gajeren tsere ne fagensa. A 1923 ya kafa tarihin Birtaniya a yadi 100 da daƙiƙa 9.7, don haka a mita 100 ƙasarsa ta ɗora masa buri.

Sai jadawali ya nuna zagayen share fage na mita 100 ya faɗo ranar Lahadi, 6 ga Yuli. Na farko, ba a bakin fili ya yanke shawara ba. Watanni kafin gasar ya sani, ya kuma faɗa wa hukumar wasanni ƙarara cewa ba zai yi gudu a ranar Ubangiji ba. Har tseren miƙa sanda ya bari saboda wannan dalili. A nan yawancinmu muke tuntuɓe. Mai bi yakan yi shiru a ranar da ake ɗaukarsa aiki, sai an rubuta sunansa a aikin Lahadi ya fara neman uzuri. A lokacin maganarsa ta zama saɓa alkawari, nauyin kuma ya faɗa kan abokan aiki, shaidar da yake so ya bayar ta lalace. Tun ran gini, ran zane.

Na biyu, bai naɗe hannu yana jiran mu'ujiza ba. Ya koma horon mita 400, tseren da ba a lissafa shi cikin manyan gwanayensa. Wannan tsere yana da tarko: wanda ya saki dukan ƙarfinsa tun farko, ƙafafunsa kan yi nauyi kamar an ɗaura musu dutse a mita ɗarin ƙarshe. Ranar Juma'a, 11 ga Yuli, a filin Colombes, layin can waje ya samu, inda mai gudu yake farawa a gaban kowa, ba ya ganin abokan hamayya balle ya auna gudunsa da nasu. Ya cinye rabin farko cikin kusan daƙiƙa 22, saurin da ya isa ya karya mutum kafin ƙarshe. Bai karye ba. Ya gama da daƙiƙa 47.6, sabon tarihin Olamfik, ya bar Horatio Fitch na Amurka a baya. Kwana biyu kafin nan ya riga ya ci tagulla a mita 200.

Kafin tseren, wani mai yi wa 'yan wasa tausa ya miƙa masa 'yar takarda mai ɗauke da maganar 1 Sama'ila 2:30, cewa masu girmama Allah, shi ma zai girmama su. Ina roƙo kada a mai da wannan aya ciniki, a ce ka ba Allah Lahadi ya biya ka da zinariya. Sa'ad da Liddell ya ƙi gudu, ba wanda ya yi masa alkawarin kome. Harold Abrahams ne ya ɗauki zinariyar mita 100, damar kuma ba ta sake dawowa ba. A 1925, yana kan ganiyarsa, ya koma Sin yana koyarwa a Tianjin, daga baya ya shiga ƙauyuka da bishara.

Abin da ya fi taɓa ni a sansanin Weihsien na ƙasar Sin ya faru, inda sojojin Japan suka tsare shi daga 1943, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Shi ne mai shirya wa matasan sansanin wasanni, ban da ranar Lahadi. Da suka yi wasa su kaɗai, abin ya ƙare da faɗa, sai ya fito ya yi musu alƙalanci a Lahadi. Mutumin da ya ƙi gudu don lambar zinariya ya karɓi usur domin yara. Ashe tun farko Almasihu yake bi, wanda ya ce a Markus 2:27 an yi Asabar domin mutum, ba mutum domin Asabar ba. Wanda ya riƙe dokar ya manta da Mai dokar, da ya zauna a ɗaki ya bar yaran suna dambe.

Matarsa Florence da 'ya'yansu mata suna Kanada tun 1941, autar ma bai taɓa ganinta ba. Ciwon ƙari a ƙwaƙwalwa ya ɗauke shi a sansanin ranar 21 ga Fabrairu, 1945, yana da shekara 43, kimanin wata shida kafin a 'yantar da waɗanda ke tsare a wurin.