Yadda mushe ya maida kilas ɗinmu fadar Damagaram

Mushen da ke koya mana adabi a lise ya gaji da mu, mu ma gaskiya mun gaji, kullum shi ke karatu mu muna kwafa a kaye, rabin kilas na gyangyaɗi saboda zafi. Sai ya raba mu gurup gurup yace kowane gurup ya ɗauko labari ya maida shi teyatur na minti 15, kuma not ɗaya, wato maki ɗaya, za a ba duka gurup. Wannan not ɗayan ita ta tada ma kowa hankali, don ko ka fi kowa faransanci in abokinka ya ƙame gaban tablo to kun faɗi tare.

Mu labarin Kazamaju muka ɗauka, nasaran Faransa da aka kashe nan Damagaram a 1898 zamanin Sarki Amadu Kuran Daga, da yaƙin Tirmini da ya biyo baya a 1899. Kowa na ganin ya san labarin tun yana ƙarami, amma da aka zo rubuta me sarki zai ce ma fadawansa kafin a yanke shawara sai gardama ta ɓarke, wasu suka ce jarumta ce kawai, wasu suka ce a'a tsoro ake kar baƙon ya wuce ya haɗa kai da Rabe, mayaƙin da ke riƙe da Borno a lokacin, wata yarinya kuma ta ce ku duk sarki sarki kuke, matan Birni da aka tafi da mazansu Tirmini fa ba su da baki ne? Dole muka ƙara mata fitowa guda, kuma wallahi ita ta fi taɓa mutane. Ni a nan na fara jin daɗin adabi, don sai ka san abin da mutum ke so da abin da yake tsoro kafin ka sa masa magana a baki.

Wahalar ita ce lokaci. Iyaye ba su barin 'yan mata fita bayan la'asar, sai a rekire, lokacin shan iska, muke gwaji muna cin ƙosai. Fitowa a nasara kuma kowa ya ƙi, sai da aka yi ƙuri'a, aka yi masa hula da kwali.

Wanda ya ba ni mamaki wani yaro ne ɗan Zango da ke zama can baya, ko mushe ya tambaye shi ba ya ɗaga kai. Ashe yana shiga wasan kara a unguwarsu, ya saba kwaikwayon manya. Da ya naɗa rawanin kawunsa ya fito a sarki, tafiyar kaɗai ta sa kilas tsit, har 'yan kilas ɗin kusa suka cika taga. Faransancinsa da kurakurai kam, mushe ya rage mana maki biyu a kai, su kuma sauran gurup ɗin har yanzu rigima suke wa zai ara musu jar rigar dogari.